Doki da alfadari masu yawan birgima: a hana su ko a ƙyale su?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana Dukku, kana da doki ɗaya da kake hawa da Sallah, da alfadari da ka saya bara kana ɗaukar kaya da shi zuwa gona, shi alfadarin da an sauke masa kaya sai ya nufi juji ya zube yana birgima, dokin kuma ana gama yi masa wanka sai ya kwanta ya turbuɗe jikinsa da ƙasa, sannan baffanka ya ce a riƙa dukansu duk sanda suka kwanta domin birgima ce ke murɗe hanji ta kashe doki. Kana so ka san ko ciwo ne, kuma ko a hana su.

Toh dan Allah kar ka dake su, kuma ka bai wa Baffa haƙuri ka lallaɓa shi. Abin da ka kwatanta min birgimar lafiya ce. Na daɗe ina aikin lafiyar dabbobi a nan Gombe, kuma wallahi dokin da ya fi tayar min da hankali shine wanda aka ce min ya daina birgima, ko wanda aka ɗaure shi tsam a turke shekara da shekaru ko wurin kwanciya bai da shi. Amma maganar Baffa ba daga iska ya ɗauko ta ba, akwai wata birgimar da ke zuwa da ajali, kuma aikinka kai mai dabba shine ka iya rarrabe su da ido. Bari in bi maka su a hankali.

Gobe da yamma idan ka sauke wa alfadarin kaya ka tsaya nesa kaɗan ka kalle shi, kar ka yi masa tsawa. Za ka ga bai zube haka kawai ba. Zai sunkuyar da kai yana sunsunar ƙasa yana tafiya a hankali, ya ɗan karci wurin da ƙafar gaba sau biyu sau uku, ya kewaya, sai ka ga gwiwoyin gaba sun lanƙwashe ya durƙusa, baya ya biyo, ya kwanta a gefe ɗaya yana goga wuya da kumatu a ƙasa, ya wuntsila ƙafafu sama ya juya ɗaya gefen, wani lokaci har da ɗan gurnanin jin daɗi. Duka abin bai fi minti ɗaya ko biyu ba. Sai ya miƙa ƙafafun gaba ya yunƙura ya tashi, domin doki da jaki da alfadari da gaba suke fara tashi, saniya ce ke fara ɗaga baya. Yana miƙewa sai ya girgiza jikinsa gaba ɗaya tun daga kai har wutsiya ƙura ta tashi, ya furzar da iska ta hanci, ya kama neman abin da zai ci. Wannan girgizar da komawa ga abinci su nake so ka riƙe a ranka, su ne shaidar lafiya. Dabbar da ciki ke murɗa mata sau da yawa ba ta wannan kakkaɓewar, kuma ba ta kula abinci.

Me ya sa suke yi? Na farko gumi ne. Doki na daga cikin dabbobin da suka fi kowa gumi, kuma guminsa yana da wani sinadari da ke sa shi kumfa, shi ya sa kake ganin fari-fari kamar sabulu a wuya da tsakanin cinyoyi bayan sukuwa. Idan wannan gumin ya fara bushewa a ƙarƙashin sirdi ko akumari, gishirinsa yana sa ƙaiƙayi, ga gashi ya kwanta ya manne inda majayi ya matse. Kai da ka yini da kaya a kai kana saukewa hannu kake sa wa ka sosa, shi kuma ba shi da hannu, baki da kofato ba sa kaiwa gadon baya, ƙasa ce kawai za ta sosa masa. Turɓaya tana tsotse danshin, ta ɗaga gashin da ya kwanta, ta kwashe wanda ya tsufa yake zuba. Na biyu ƙwari. Ƙurar da ta shiga gashi tana rage wa ƙuda da bobuwa damar cizo, shi ya sa da damina idan ƙudaje sun yi yawa sai ka ga har taɓo suke nema su shafe jikinsu da shi. Sannan akwai miƙa, bayan da ya ɗauki nauyi tun safe yana son ya motsa ya saki. Akwai kuma zancen wari, dawaki idan suna garke wuri ɗaya suke zaɓa kowa ya zo ya yi birgima a nan, ɗaya na tashi wani na kwanciya, warin jikinsu ya gauraya, kuma ingarmu kan yi a kan inda wani ya yi don ya ɗora nasa warin. Idan ka lura ko naka biyun nan za ka ga wuri ɗaya suke komawa kullum har ya lotsa ya zama kamar kwano.

Shi alfadari dole ya fi dokinka yawan yi, gado ya yi. Ubansa jaki ne uwarsa goɗiya, kasan ma abin da ake faɗa, wai an tambaye shi waye ubanka ya ce doki ne kawuna. Doki yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromozom guda 64, jaki 62, shi ya tashi da 63, kuma wannan rashin daidaiton ne ya sa kusan duk alfadarai ba sa haihuwa. Jaki kuwa asalinsa dabbar busasshiyar ƙasa ce, daga jakin dawa na arewa maso gabashin Afirka ya fito, inda ruwa ke wuya, don haka wankansa na asali da ƙura ne. Ai kana gani a gari, jaki ba ya ganin toka ya wuce. Larabawa ma sun san wannan hali tun da can, a hadisin taimama da ke cikin Bukhari da Muslim, Sayyidina Ammar bin Yasir (RA) da janaba ta same shi a tafiya babu ruwa cewa ya yi ya yi birgima a ƙasa kamar yadda dabba ke yi, sannan Manzon Allah (SAW) ya nuna masa yadda ake taimama. Kaga abu ne da kowa ya saba gani har ake misali da shi.

Wani abin da zai iya ba ka mamaki, alfadarin zai riƙa juyawa gaba ɗaya cikin sauƙi, dokin kuma wataƙila ya yi gefe ɗaya ya tashi ya sake kwanciya ya yi ɗayan. Ba ciwo ba ne. Ƙashin nan da ya taso a farkon gadon baya inda gaban sirdi ke zama ya fi tsini a jikin doki, shi ke tokare shi, na jaki da alfadari a kwance yake.

Zancen wanka kuwa na san takaicinsa, musamman ana gobe hawa, yaran barga sun sha wahala sun wanke farin doki tas ya fito yana ƙyalli, a juya baya a dawo a tarar da shi ja wur kamar an tono shi daga rami. Shi a wajensa ruwa da sabulu sun wanke masa ƙurar da ke kare shi da warin jikinsa, ga jiƙaƙƙen gashi yana damunsa, shine yake gyara abin da yake ganin an ɓata masa. Dabarar mai sauƙi ce. Ka bar shi ya yi birgimarsa kafin wankan ba bayansa ba. A ɗauraye sabulun sosai, kuma a daina wanke doki da omo dan Allah, yana busar da fata ya ƙara ƙaiƙayin da ake gudu. A sharce ruwan da gefen hannu, a goge da tsumma, sannan a riƙe ragama a yi ta zagayawa da shi a inuwa ko a ba shi harawa yana ci a tsaye har ya bushe ƙarau. Yawanci idan ya bushe sha'awar ta ragu sosai. Ranar da ba hawa kuma ka ƙyale shi ya yi, idan ƙasar ta bushe buroshi zai fitar da ita.

Yanzu maganar Baffa. Dattawanmu sun sha ganin doki ya yi ta birgima dare guda, da safe ya mutu, a farke ciki a ga hanji ya murɗe ya yi baƙi, sai suka ce birgimar ce ta murɗa shi. Abin da likitocin dawaki suka fahimta a yanzu shine akasin haka ne ya fi faruwa, hanjin ne ya fara cika da iska ko ya toshe ko ya goce daga mazauninsa, zafin ya sa dokin faɗuwa yana juyi. Dawaki masu lafiya kullum birgima suke yi a ko'ina a duniya ba abin da ke samun hanjinsu. Wato dukan dokin da ke birgimar ciwo bai warware komai ba sai ƙarin azaba, dukan mai birgimar lafiya kuma zalunci ne kawai da koya masa tsoron mutum.

Dalilin da ya sa ciwon ciki ke kashe doki fiye da sauran dabbobi yana cikin halittarsa. Tumbinsa ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, ƙaramin hanjinsa ya kai wajen mita 20, babban hanjin kuma ya nannaɗe yana da lunguna masu ƙunci inda abinci ke iya tsayawa, wani sashen ma ba a ɗaure yake sosai ba yana iya motsawa. Sannan doki ba ya amai. Abin da ya shiga ba ya dawowa ta baki, in ya yi yawa tumbin yana iya fashewa. Saniya ta yi tuƙa ta yi gyatsa, kare ya amayar, shi babu ko ɗaya.

Birgimar ciwo ba ta kama da waccan ko kaɗan idan ka taɓa ganinta. Ba ya zaɓen wuri, ko kan dutse ne ko jikin bango zubewa yake yi. Ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi, ba girgiza jiki, yana waiwayen kwiɓinsa kamar an kira shi daga can, yana harbin cikinsa da ƙafar baya, yana ta kartar ƙasa ba tsayawa, ya miƙe ya bubbuɗa ƙafafu kamar zai yi fitsari amma ba ya yi ko ya ɗan ɗiga kaɗan. Wannan alamar ta ƙarshe ita ke yaudarar mutane su ce fitsari ne ya riƙe shi, alhali mafi yawan lokaci ciki ne. Gumi na keto masa ba tare da ya yi gudu ba. Ka miƙa masa dusa ya kau da kai. Ka duba bayansa ka ga tun jiya ba sabon kashi, alhali doki mai lafiya yana yi sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, ko ka ga ɗan abin da ya fita ƙanana ne busassu da majina-majina a jiki. Idan da safe ka tarar da ƙujewa a saman idanunsa da ƙashin ƙugu, ƙasar turken ta hargitse, toh ya kwana yana fama ne kana barci.

Abu uku nake so ka koya yi da hannunka tun yanzu da suke lafiya, domin ranar da ka kira likita a waya su zai tambaye ka. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa daga ciki, za ka ji wata jijiya kamar igiya tana harbawa, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Babban doki a hutawa yana tsakanin 28 da 44 a minti, na jaki yakan ɗan ɗara haka. Idan ya haura 60 kuma bai yi gudu ba, abin ya yi tsanani. Ka ɗaga leɓensa na sama ka dubi dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai haske da danshi, ka danna da yatsa ya yi fari ka saki, kafin daƙiƙa 2 jini ya dawo. In ya bushe, ko ya yi ja mai duhu ko shuɗi-shuɗi, kar ka jira gari ya waye. Sannan ka kanga kunnenka a kwiɓinsa dama da hagu, kana tsaye ta wajen kafaɗa saboda harbi, ciki mai lafiya ƙugi yake yi kamar hadari daga nesa, shiru shine abin tsoro. In kana da tamomita, wato ma'aunin zafin jiki, zafin jikin doki mai lafiya digiri 37.5 ne zuwa 38.5.

Ba zan manta da wani dare ba, saura kwana uku Babbar Sallah, aka zo aka ɗauke ni a mashin wajen ƙarfe ɗaya zuwa wata barga a cikin gari. Akawal ne kyakkyawa ingarma, mai shi yana son ya cika ya yi sheƙi kafin hawa, sai aka ninka masa gero da dusa a cikin kwana biyu. Da na haska tocila jikinsa sharkaf da gumi, gira duk ta ƙuje tana jini, bugun jijiya ya haura 70. Abin da ya fi ɓata min rai ba geron ba ne, kafin in zo an ɗaure kansa sama a reshen bishiya an ɗura masa man gyaɗa da jiƙon kanwa da kwalba, yana ta tari man na fitowa ta hanci. Na zura tiyo ta hanci zuwa tumbi, iska da ruwa mai tsami suka yi ta fita, na yi masa allura a jijiya, aka sa masa ruwa, kafin asuba ya lafa, da hantsi ya yi kashi kowa ya yi hamdala. Kwana huɗu bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya gagara, man da aka ɗura ya sauka a huhu. Cikin ya warke, huhun ne ya tafi da shi. Yaron da ke kula da shi zama ya yi a bakin turken yana kuka kamar an yi masa rasuwa, kuma shi da hannunsa ya riƙe kwalbar, da niyyar taimako.

Saboda haka in dai ka ga waɗancan alamun, ka ɗauke abinci gaba ɗaya, ka kira likitan dabbobi nan take, kar ka ce bari mu gani zuwa gobe. Kar a ɗura masa komai ta baki ko ta hanci da ƙarfi, ba mai, ba kanwa, ba lemon kwalba, ba jiƙo. Man da likita ke bayarwa ta tiyo yake wucewa kai tsaye zuwa tumbi, kuma sai ya tabbatar tiyon ba hanyar iska ya bi ba. Idan yana son faɗuwa yana buga kansa, a ja shi a hankali a zagaya da shi minti 10 ko 15 a huta, amma ba a yi ta korarsa da bulala har ya galabaita ba. In ya kwanta shiru ba ya juyi, a bar shi ya kwanta. In kuma zafin ya kai inda ba ya ji ba ya gani, ku fitar da shi fili mai taushi ku ja da baya, ku kori yara, domin doki a wannan hali zai iya danne mutum bai sani ba. Allurar kashe zafi irin su Banamine tana aiki ƙwarai, amma kar ka saya a kemis ka caka masa a wuya, a jijiya ake yinta, in aka yi a tsoka tana iya jawo mummunan ruɓewar nama, kuma tana ɓoye alamun da likita ke buƙatar gani. Mafi yawan ciwon ciki yana warkewa da magani in an zo da wuri. Wanda hanji ya murɗe sai tiyata, ita kuma ba abu ba ce da muke samu a kusa, shi ya sa nake matsa wa mutane a kan abin da ke jawo shi tun farko.

A ƙasarmu abubuwan da ke jawo shi sanannu ne. Canjin abinci farat ɗaya, kamar wancan na Sallah, ko farkon damina a ɗauke dabba daga busasshiyar harawa a sake ta a sabuwar ciyawa ta cika ciki. Duk canji a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Tushen abincin doki ciyawa ce da harawa, mai nauyin kilo 350 yana son kilo 5 zuwa 7 na busasshiya a rana, hatsi ƙari ne kawai kuma a raba shi kashi biyu ko uku. Harawar da ta yi hunhuna a zubar. Sai ƙarancin ruwa, ku mutanen Dukku kun fi ni sanin yadda ruwa ke wuya da bazara, ga zafin watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, a irin wannan zafin da aiki ya fi haka, bokiti ɗaya da safe ba zai riƙe shi ba, busasshiyar harawa ba ruwa ita ke cushewa a hanji. Sai rairayi, in ana zuba musu dusa a ƙasa suna lasa har da yashi, yana taruwa a babban hanji a hankali, ka yanka duro gida biyu ka riƙa zuba musu a ciki. Ka ɗebi kashinsa ka dama a ruwa cikin farar leda ka rataye, in yashi ya kwanta a ƙasa ka ga shaida da idonka. Sai tsutsar ciki, da haƙoran da suka yi kaifi ba ya tauna da kyau. Abu biyu kuma da mutane da yawa ba su sani ba: maganin kaskar shanu mai sinadarin amitaras guba ne ga doki, yana tsayar da hanji cak, kar ka fesa masa don ka ga ya yi wa shanu aiki, sannan abincin kajin gidan gona wani yana ɗauke da maganin da ɗan kaɗan ɗinsa ke lalata zuciyar doki, kar a bari ya sa baki a buhun.

Game da alfadarin akwai gargaɗi na daban, kuma shi ne ya fi damuna a tambayarka. Ya gaji jaki a haƙuri da ɓoye ciwo. Inda doki zai yi ta faɗuwa yana tara jama'a, jaki tsayawa kawai yake yi ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun faɗi gefe, ya sa baki a abinci kamar yana ci amma ba ya haɗiya, mutane su ce ƙyuya ce ko taurin kai a ƙara masa sanda. Alfadari yana tsakani, amma ya fi karkata wajen uban. Toh ranar da ka sauke masa kaya ya tsaya shiru bai nufi wurin birgimarsa ba, ranar ce za ka duba dasashi da jijiya. Jaki idan ya yi kwana biyu ko uku ba ya ci, kitse kan malalo cikin jininsa ya lalata hanta, wannan kaɗai yana kisa ko da ciwon farko ƙarami ne. Kuma jujin nan da yake zuwa ka raba shi da shi. Ba birgimar ce matsalar ba, ledar da ke wurin ce, suna haɗiye ta tare da ɓawon rogo da sauran tarkace ta dunƙule a hanji, ga fasasshiyar kwalba da ƙusa da gwangwani, ga toka mai sauran wuta a ƙasa. Dangin doki kuma cutar tetanos mai sandarar da jiki tana kama su da sauri ta ɗan ƙaramin rauni, in ana samun rigakafinta a wajenku a yi musu.

Ka yi musu nasu wurin a gida. Fili mai faɗin kamar taku 6 ko 7 kowane gefe, nesa da bango da shinge da turke, a tsince duwatsu, a zuba turɓaya mai laushi ko yashin rafi amalanke biyu uku, kar a riƙa ba su abinci a kai. Nisa da bango yana da dalili, doki kan juya ya tarar ƙafafunsa sun tokare da gini ya kasa tashi, ya firgita ya yi ta bugu har ya ji wa kansa. In haka ta faru kar ka shiga tsakanin ƙafafun, ku zo ta bayansa, a zarga igiya mai taushi a ƙafafun da ke ƙasa, mutum biyu su jawo shi ya juyo, ku matsa da sauri. Kuma kar a bar shi ya yi birgima da dabaibayi ko doguwar igiya a ƙafa, na sha ɗinke agarar da igiya ta yanka ta wannan hanya. A kwance shi, a riƙe ragama da doguwar igiya daga gefen kai, ko a sake shi in wurin a killace yake.

Lokacin da za ka hana shi kawai shine in da sirdi ko kaya a bayansa. Yana iya karya icen sirdin, ya ji wa bayansa, ko ya danne ƙafar mahayi. Sun fi gwada haka a tsakiyar rafi ko a kan yashi mai laushi idan sun yi gumi. Yana ba da sanarwa, zai tsaya ya sunkuyar da kai ya fara bugun ruwan da ƙafar gaba, kana jin haka ka ɗaga kansa ka zabure shi gaba, in kuma ka ji gwiwa ta riga ta tafi ka zare ƙafa daga likkafa ka dira gefe. Idan dabbar da ba ta saba ba ta fara neman kwanciya da kaya, ka sauke ka duba ƙarƙashin akumari, sau da yawa miki ne ko kayan sun fi ƙarfinta ko sun karkata gefe ɗaya.

Ka ce min dokin wani lokaci yana goga gindin wutsiya a bango. In birgimar ta wuce sau biyu uku a rana kuma tana tare da irin wannan susar, ka buɗe geza da gindin wutsiya da cikin kunne ka duba kaska da ƙwarƙwata, ka duba ko akwai inda gashi ya zube ya yi da'ira kamar makero ko fata ta yi ɓawo. Susar wutsiya ita kaɗai sau da yawa wata ƙaramar tsutsa ce da ke saka ƙwai a bakin dubura, maganin tsutsa na dawaki da ake matsawa a baki da wanke wurin da ruwan ɗumi suna kawar da ita. In watarana ka sayi goɗiya, ita kuma cikinta wata 11 ne, wajen kwana 340, daf da haihuwa za ta kwanta ta tashi ta yi ɗan juyi, wannan naƙuda ce, amma in ta riga ta haihu sannan ta kama birgima mai tsanani da gumi, a nemo likita da gudu. Haka duk dabbar da kare ya taɓa ciza sannan daga baya ta kama birgima da cizon jikinta da canjin hali, kar kowa ya sa hannu a bakinta, haukan kare yana kama doki da jaki kuma yana iya fara bayyana kamar ciwon ciki.

Yau da yamma ka ƙirga bugun jijiyar kowannensu suna hutawa, ka sake gobe da jibi, ka rubuta a bangon barga da gawayi domin ka san nasu na lafiya. Ka kira Baffa ya tsaya tare da kai ku kalli alfadarin idan an sauke masa kaya, ka nuna masa girgizar nan da yake yi in ya tashi. In ka duba wutsiyar dokin ka faɗa min abin da ka gani, da irin abincin da kake ba su da yawan ruwan da suke samu a rana, sai in gaya maka ko akwai abin da za a gyara kafin Sallah. A gaida Baffa da mutanen gida.